Baba Mika'ilu da Ƙafar Kazar Gidan Dallatu

Idan gari ya waye, Baba Mika'ilu ba ya taɓa sifana sai ya share gindin darbejiyar da yake aiki. Shara kuma ta gaske, wadda za ka ga sawun tsintsiya kwance a ƙasa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce noti in ya faɗi a wuri mai tsabta ba ya ɓata wa mutum yini. Daga nan sai ya shimfiɗa tsohon buhu, ya jera kayan aikinsa daga babba zuwa ƙarami, ya jawo kututturen da yake zama a kai, ya fuskanci hanyar da ta fito daga Gezawa. Haka muka san shi shekara arba'in da 'yan kai a wannan ƙauye namu, inda gonar wani ke ƙarewa a bakin katangar wani.

Mutanen gari Alƙali suke ce masa, a bayan idonsa da kuma gabansa. Ba don ya yi karatun shari'a ba. Dalilin shi ne, in ka kawo masa inji, sai ka amsa tambayoyi kafin ya ɗaga hannu. Yaushe ya fara? Da safe yake ƙin tashi ko bayan ya yi zafi? Wa ya taɓa shi kafin ni? Me ya cire, me ya mayar? Mai gaggawa yakan ji kamar ya ɗauki kayansa ya tafi. Muhammadu Sani mai injin ban ruwa ya taɓa ce masa, "Baba, ni gyara na kawo, ba ƙara ba." Baba Mika'ilu ya ce, "To ai shi ba ya magana, kai ne bakinsa." A tambaya ta shida ta fito cewa a jarkar manja aka sayo fetur ɗin. Ko noti ɗaya ba a kwance ba, tanki kawai aka wanke.

Bana ya ce ya ajiye aiki. Hannu ya fara rawa, ido kuma ba ya raba ƙaramin zare da babba. Shi ya sa na ce bari in rubuta wani abu a kansa tun yana ji da kunnensa. Ayyukansa suna da yawa, kuma kowane gida da nasa labarin, amma ni ɗaya zan bayar, wanda na gani da idona, saboda ni mutum ne mai shisshigi, kuma ranar Allah ya sa makarantar da nake koyarwa tana hutu.

Shekara biyu ke nan, lokacin da tsada ta kai mutane bango, da masu cin tuwo sau biyu suka koma sau ɗaya. Hussaina, 'yar marigayi Alhaji Dallatu, tana da rumfar niƙa a jikin katangar gidan mahaifinta. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, kuma da wannan niƙan take riƙe da su a gidan ubansu. Sai injin da take aiki da shi ya ƙone ƙurmus, irin ƙonewar da ba ta gyaruwa. Sabo kuwa, ko tambayar kuɗinsa sai mai ƙarfin zuciya. Wata biyu rumfar tana rufe. Dangin mijin suka zauna suka yanke shawara, da kyakkyawar niyya ba da mugunta ba: in dai babu sana'a, a raba yaran, biyu su tafi Bici wurin baffansu, biyu Ungogo wurin gwaggonsu, ita kuma ta koma gidansu.

Hussaina ta ce a ba ta lokaci. Abin da ta sa wa ido shi ne wani tsohon inji da ke kwance a zauren mahaifinta, kaji suna ƙwai a bayansa. Alhaji Dallatu ya saye shi tun zamanin gyaɗa, da shi yake ɓare gyaɗarsa da ta maƙwabta. Inji ne mai fistan ɗaya, da ƙaton wili na ƙarfe a gefe, ana tayar da shi da wani hannu na ƙarfe, a murɗa har ya kama. Da fetur kaɗan yake tashi, in ya yi zafi a juya shi kan kananzir. Ya fi shekara ashirin ba a ji muryarsa ba.

Matsalar ita ce injin ba nata ba ne ita kaɗai, gado ne tsakaninta da yayanta Lawan. Shi kuma Lawan yana da nasa iyalin da nasa rumbun da ya kusa ganin ƙasa, ga 'yan gwangwan suna zagaya ƙauyuka da sikeli suna sayen duk wani ƙarfe. Duk da haka ya yi mata kara. Ya kira mai gyaran babur na garinmu, wanda ya cire ɗan akwatin da ke ba da wuta, ya wanke shi tas, ya mayar. Aka murɗa, inji ya yi tari sau ɗaya, ya bugo hannun baya da ƙarfi. Aka ɗauko wani daga birni, mai akwatin kayan aiki mai sheƙi. Ya sa sabon filogi, ya wanke kabireta, ya duba wuta ya ce wuta lafiya lau, ya duba taimin, wato lokacin fitar wutar, ya ce daidai yake a kan alama. Lawan ya kama hannun ya murɗa, inji ya sake bugowa, wannan karon ya targaɗa masa wuyan hannu. Na birni ya tattara kayansa ya ce, "Wannan ya mutu, ku yi masa sutura."

Lawan ya rantse, da hannunsa a ɗaure da tsumma, cewa ranar Laraba mai sikeli zai zo, kuma ba zai koma da kurarsa wayam ba. Ban ga laifinsa ba. Ranar Litinin Hussaina ta yafa mayafi ta tafi gindin darbejiya da kanta.

Baba Mika'ilu ya zo ranar Talata da hantsi, a kan kekensa, da sifana uku a aljihun gaba. An jawo injin waje an ɗaure shi a kan katako. Ya zagaya shi sau biyu bai taɓa ba, sannan ya zauna ya fara shari'a.

"Lawan, da ka murɗa, a ina ya buge ka? Kana tura hannun ƙasa ko kana jawo shi sama?"

"Baba, ni dai na ji zafi, ban tsaya lissafi ba."

"Daure ka tuna. Wurin da ya yi nauyi ne, ko bayan ka wuce nauyin?"

Lawan ya murza tsumman da ke hannunsa. "Ina shiga nauyin. Ban ma kai tsakiyarsa ba."

"Kullum a nan?"

"Kullum."

Baba Mika'ilu ya gyaɗa kai ya ce, "To mataccen inji ba ya duka. Wannan da ransa, sauri kawai yake yi."

A nan na kasa haƙuri na matso. Na ce, "Baba, sauri kamar yaya? Abin da ko tashi bai yi ba?" Ya dube ni ya ce, "Malam, ka zo da alli ne ko da kunne?" Na ce da kunne. Sai ya yi mini bayani yadda ko ni na gane. Fistan yana hawa sama yana matse mai da iska. Dole wuta ta zo daf da zai kai ƙarshen hawansa, don in abin ya fashe ya tura shi gaba. In wuta ta makara, inji ya yi sanyi ya ƙi kamawa. In ta yi gaggawa, sai ta tare fistan a hanya ta kora shi inda ya fito, shi ne hannun yake bugowa baya. "Kamar mai daka ne su biyu a turmi ɗaya," in ji shi. "In ɗaya ta saki taɓarya kafin 'yar'uwarta ta ɗaga, ai ka san abin da zai faru." Wannan daidaita lokacin shi ne makanikai suke kira taimin.

Lawan ya ce, "Amma Baba, mutum biyu sun duba taimin ɗin nan. Ga alamar ma." Ya nuna da hannun hagu. Lallai kuwa a gefen wilin akwai zane, layi uku sun haɗu a wuri ɗaya kamar kan kibiya, a fili, ko makaho ya shafa zai ji. Makanikai biyun nan duk a kanta suka daidaita wuta: in kibiyar ta zo saitin wani ɗan tsinin ƙarfe da ke jikin inji, sai wuta ta fita.

Baba Mika'ilu ya shafa zanen da babban yatsa ya ce, "Na gan ta. Bari mu tambayi fistan ko ya yarda."

Ya cire filogi, ya toshe ramin da yatsa, ya sa ni in juya wilin a hankali. Ina juyawa har ya ce, "Tsaya, ga iska tana turo ni, hawan matsi ke nan." Sai ya tashi ya je jikin dangar gidan ya zaro sillen kara, siriri miƙaƙƙe, ya fere shi, ya zura a ramin filogin har ya zauna a kan fistan. Ya ce in ci gaba. Ina juya wili, kara yana fitowa sama kaɗan kaɗan. Ya buɗe akwatin wutar, ya maƙala ledar alawa tsakanin wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa su rabu, ya riƙe bakinta yana ja a hankali. Ya ce duk lokacin da ledar ta zame, a lokacin wuta take fita.

Ledar ta zame. Muka duba, kibiya tana daidai saitin tsinin, babu kuskure ko na gashi. Amma da na ci gaba da juyawa, kara bai tsaya ba. Ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, sai da na juya wilin fiye da taƙi guda sannan ya tsaya cak ya fara komawa.

Muka sake, sau uku. Abu ɗaya.

Baba Mika'ilu ya koma ya zauna a ƙasa ya rungume gwiwa. Wallahi fuskarsa ba ta nuna damuwa ba, murna na gani, irin ta mutumin da aka ba shi kacici-kacici mai daɗi. Ya ce, "Ikon Allah. Tsakanin kara da zanen nan akwai mai ƙarya. Kara kuwa yanzu na zaro shi daga danga, bai san kowa ba a nan."

Ya duba ko wilin ya goce daga mazauninsa, ya ga bai goce ba. Ya duba haƙoran da ke juya akwatin wuta, duk suna nan. Ya tambayi Lawan ko an taɓa canza wilin, Lawan ya ce shi dai tun yana yaro haka ya gan shi. Rana ta take, aka kira azahar, muka je muka dawo, ba a gano komai ba. Hussaina tana tsaye a bakin zaure tun safe, tana ta naɗe gefen mayafinta a yatsa tana warwarewa. Na san abin da take lissafawa: gobe Laraba.

Sai ta shiga gida ta fito da fura a ƙwarya, ta kuma mirgino wani tsohon turmi ta kifa a inuwa. Ta ce, "Baba, ka zauna a nan, ƙasar ta yi zafi." Ya sa hannu zai gyara turmin, sai ya tsaya. Ya sunkuya. Ya kira ni da yatsa. A gindin turmin, an ƙona da wuta, ga layi uku sun haɗu a wuri ɗaya.

Ya ce, "Hussaina, turmin nan shi ma yana da taimin ne?"

Ta ce, "Na'am, Baba?"

"Hajiya tana ciki? Ki ce ina gaisuwa, kuma ina da tambaya."

Hajiya Asiya, matar marigayi Alhaji Dallatu, ta haura tamanin. Ta fito tana dogara sanda, aka gaisa, aka tambayi jiki da jikoki. Baba Mika'ilu ya russuna ya nuna mata turmin, sannan ya nuna mata wilin. Ta kai fuskarta kusa, ta shafa, sai ta fashe da dariya har tana tari.

"Yo wannan ai ƙafar kaza ce! Shaidar Alhaji ce. Mutumin nan ko allura ya saya sai ya sa mata. Jeka duba galmarsa, duba ƙofar rumbu, duba mudun da ke ɗakina. Lokacin gyaɗa, buhu ɗari a wurin awo, da ita yake gane nasa. Ranar da aka kawo injin nan, kafin a zuba masa mai sai da ya kira maƙeri ya sara masa ita, wai kada a ara a ƙi dawowa da shi. Ni na ce masa, Alhaji, wa zai saci abin da sai ƙarti shida sun ɗaga?"

Lawan ya dafe kai da hannunsa mai lafiya. Shi da aka haifa a gidan, ya sha fura a ƙwarya mai wannan zane, ya yi noma da galma mai wannan zane, amma da ya gan shi a jikin inji sai ya ɗauka rubutun Turawa ne. Ni ma da nake dariya, sau nawa na wuce ƙofar rumbun nan?

Baba Mika'ilu ya ce a kawo masa toka da tsumma da ɗan kananzir. Ya juya wilin har kara ya kai ƙarshen hawansa, ya dawo da shi baya kamar faɗin yatsa biyu, ya fara dirzar wurin da ke saitin tsinin. Tsatsa ta fita, tsohon fenti ya fita, dattin shekara sittin ya fita. A ƙarƙashi sai ga wani ɗan layi siriri, guda ɗaya, ko tsawon farce bai kai ba. Ya ce, "Ga mai gaskiyar nan, ba ya ɗaga murya."

Sauran aikin bai ɗauki lokacin shan furar ba. Ya sassauta akwatin wuta, ya zare shi, ya juya haƙoransa, ya mayar, ya gwada da ledar alawa har ta riƙa zamewa daidai kan ɗan layin. Ya ɗaura filogi, ya ɗiga fetur. Ya dubi Lawan, Lawan ya ja da baya ya ce shi da injin nan sai a lahira. Sai Hussaina ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta ce, "Baba, nuna mini yadda ake kamawa." Ya nuna mata: kada ta zagaya babban yatsa a kan hannun, ta haɗa shi da sauran yatsun, ta jawo sama, kada ta danna ƙasa.

Ta ce bismillahi ta ja. Shiru. Ta sake ja, ya yi tari, baƙin hayaƙi ya fito da ɓawon gyaɗa na zamanin da. A ja na uku ya kama. Tum. Tum. Tum-tum-tum. Ƙasa ta ɗauki rawa, kaji suka watse, mata suka fara leƙowa ta kan danga. Hajiya Asiya ta daina dariya, ta zauna a kan turmin, ta ce a hankali, "Muryar gidan nan ke nan." Hussaina kuwa ta juya ta fuskanci katanga, kafaɗunta suna rawa. Ni kaina sai da na share ido, ba kuma hayaƙin ba ne.

Lawan ya ɗaga murya saboda ƙara ya ce, "Baba, kawo zarto in goge ƙafar kazar nan, kada ta sake karya wani!"

Baba Mika'ilu ya ce, "Bar wa Alhaji shaidarsa. Ita ba ta ce ita taimin ce ba, mu muka ce."

Da mai sikeli ya zo ranar Laraba, layin kwanukan niƙa ya tarar tun daga rumfa har bakin hanya. Lawan da kansa ya tare shi ya ba shi haƙuri.

Baba Mika'ilu, yanzu da kai nake. Kai ne wanda ba ya jin kunyar cewa bai gane ba tukuna. Mutum biyu sun ga alama sun gaskata, kai ka ga alama ka tambaye ta wa ya yi ta. Kai ne ka russuna gaban tsohuwa ka nemi ilimin inji a wurinta, alhali ita ko sifana ba ta taɓa riƙewa ba. Kuma abin da ya fi burge ni, ba ka tafi da sirrin a aljihu ba. Sati guda kana dawowa kullum da hantsi, kana kwance akwatin wutar da gangan, kana sa Hussaina ta mayar da hannunta, da kara da ledar alawa, har sai da ta yi sau uku ba ka buɗe baki ba. Na ji lokacin da ta ce maka, "Baba, ai kana nan, me zai sa in wahala?" Ka ce mata, "Ina nan yau."

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutun da ka nema, ya sa abin da ka shuka a garin nan ya tarar da kai a inda ake bukata.

Ku kuma masu gyara na yanzu, na babur da na janareto da na famfo, ba na ce ku koma zamanin gyaɗa ba. Kayan aikinku sun fi nasa, idonku ya fi nasa. Amma yana nan a ƙofar gidansa kullum bayan la'asar, kuma bakinsa bai yi rawa ba. Ku je ku zauna. Ku koyi tambaya kafin kwancewa, ku koyi gwada abin da kowa ya ce daidai ne, ku koyi koya wa mai kaya yadda zai riƙe kayansa. Mu ma da ba makanikai ba, malamai da manoma da masu unguwa, akwai abin ɗauka a nan.

Shekaranjiya na biya ta rumfar Hussaina na gaya mata ina rubutu a kan Baba Mika'ilu, ko tana da abin da za a sa. Ta rage wa injin murya, ta karkaɗe garin da ke hannunta, ta yi ɗan tunani.

Ta ce, "Malam, ni ban iya dogon zance ba. Ka rubuta cewa yaran su huɗun duk suna gabana. Kwano ɗaya suke ci."